Gwaggona Mai Awon Fim

Ranar da muka kai gwaggona makwancinta, baƙin da suka cika gidan sun fi danginmu yawa. Na iso Filinge daga Yamai ana shirin sallar gawa, ban ma samu ganin fuskarta ba. Da muka komo daga maƙabarta na shiga ciki in gai da mata, sai na tarar da fuskokin da ban sani ba: matan ƙauye da suka zo bisa amalanke, masu awon hatsi na kasuwa, ƴan mata, har da wata tsohuwar Bazabarma daga Baleyara wadda ta riƙe hannuna tana ta cewa “fonda tilas, fonda tilas,” gaisuwar mutuwa ta mutanensu, ta kasa ƙara komai a kai.

A ƙarƙashin rumfa, tele ɗinta, wato talabijin, tana nan bisa tebur, an lulluɓe ta da zane. Wata mata ta dube ta ta ce, “To yanzu wa za ya hwaɗa muna ko tsaba ta ko dusa?” Waɗansu suka yi dariya da hawaye a fuska. A waje kuwa na ji wani ɗan uwanmu yana cewa a hankali, “Allah dai shi gahwarta mata kallon nan.” Mahaifina, wanda shi ne ƙanenta, ba mai yawan magana ba ne, amma ya juya ya ce masa, “Kallonta bai hana ta salla ba, bai hana ka cin tuwonta ba.” Ba a sake tayar da zancen ba.

Maƙwabcinta, tsohon mushen lakkwal, wato malamin makarantar boko, wanda kowa ke kira Mushe, yana zaune a bakin ƙofa da hula bisa gwiwa. Na durƙusa na yi masa gaisuwa. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, “Na rasa abokiyar hwaɗa.” Sai ya kau da kai. Na san akwai sauran magana a bakinsa game da ni, ya dai haɗiye ta.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita, kuma don akwai abin da ya kamata in faɗa mata ban faɗa ba.

A wani ƙauye na ƙasar Kurfai aka haife ta, aure ya kawo ta gari. Mijinta ya rasu da wuri, ta kama awon gero da dawa a kasuwa, da shi ta riƙe kanta har tsufa. Ɗa guda Allah ya ba ta. Ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce “wancan.” Da ya zama saurayi ya tafi neman aiki bakin teku. A shekara ta uku ya aiko mata da tele da na'urar kaset ta hannun wani direba. Bayan nan wasiƙa ta zo sau biyu, sai shiru. Har yau ba wanda ya san inda yake.

Ni na zo hannunta ne da na shiga kwaleji, don babu a ƙauyenmu. Lokacin nan kallo ya riga ya zama ɗabi'ar gidan. In ba ranar kasuwa ba ce, kuma akwai wuta, ana idar da azahar za ta shimfiɗa tabarmi, mata su fara shigowa, wata da ƙwaryar tsince-tsince, wata da kitso rabi. In aka kira la'asar ta kashe, ko da ana tsakiyar faɗa ne, kowa ya yi salla sannan a ƙarasa. Ba ta zaɓen iri. Na Indiya, na Shinuwa, wato mutanen ƙasar Sin, na Amirka, na Kano, na Larabawa, na kudancin Najeriya, na namun daji, duk wanda ya shigo hannunta sai ta gan shi har ƙarshe. Direbobin tasha sun san ta, su ke kawo mata. Aka bar kaset aka koma sidi, aka bar sidi aka koma kile, ɗan abin nan da ake soka wa tele, ita dai tana nan a kan tabarmarta.

In fim ya ƙare ba mai tashi. Sai rubutun ƙarshe ya gama wucewa, ta gutsuri goro, ta tauna, sannan ta yi awo. Awonta huɗu ne, daga wurin sana'arta ta ɗauko su. Wanda ya yi daidai, tsaba ne. Wanda yake da kyau amma an ɓata shi da wani abu, tsaba ce mai tsakuwa: a ci, sai dai a yi hattara da haƙori. Ƙasa da wannan sai dusa, a ba awaki. Na ƙarshe ƙaiƙayi, wanda ko akuya ba ta so.

Kuma ba ta awo babu dalili. Na tuna wani na Indiya da ya sa mata kuka, ita kuwa ta ce, “Tsaba mai tsakuwa. Mutum uwatai na kwance likita, shi ko shina bisa tudu shina rawa da mutum ɗari. Wa anka bari wurin jinya?” Wani na Amirka da aka yi ta fasa gidaje ta ce, “Sun rushe gari guda don su ceci mutum guda. Wa za ya share? Ƙaiƙayi.” Na Shinuwa tana son su don yadda suke cin abinci. “Waɗanga mutane sun san yunwa,” in ji ta. “Dubi yadda shika riƙe da kwanon.” Na namun daji kusan kullum tsaba ne a wurinta, wai don zaki bai san ana kallonsa ba.

Ta fi tsananta wa na Hausa, don a nan ba abin da za a ɓoye mata. Hannu da ƙafa take kallo. In aka nuno talaka, sai ta matsa kusa da tele ta ce, “Ku dubi diddigenai. Talaka da ƙahwa babu hwaso? Wanga bai taɓa taka gona ba.” Akwai ranar da aka nuno masu bori, wata ta faɗi tana birgima tana ihu kamar ta taka garwashi. Mahaifiyarsu gwaggo ƴar bori ce, a cikin goge da ƙwarya suka tashi. Ranar ba ta ma jira ƙarshe ba, ta ce, “Waɗanga ba su taɓa ganin iska ta hau mutum ba. Abin da ba ka sani ba, ka tambayi masu shi, ko kana ƙinsu.”

Farkon zuwana, ina ji da Faransancin da na koya, sai na riƙa fassara mata abin da ake cewa. Ta yi mini haƙuri kwana biyu, a na uku ta ce, “Ɗiyana, ruhe bakinka. In sai an hwaɗa mini mi anka ce kahin in gane, to ba su iya aikinsu ba.” Daga fuska take karanta magana. Ta ce wannan ƙarya yake yi, waccan ba ta son mijinta, kuma yawanci haka abin yake fitowa. Sau ɗaya ta kalli fim tun daga farko har ƙarshe tana zaton wa da ƙanwa ne, alhali miji da mata ne. Da aka gaya mata, ba ta ji kunya ba ko kaɗan. Ta ce, “To laihinsu na. Miji da mata ba su zama hakanan.” Ta sauke shi daga tsaba zuwa dusa.

Mushe ba ya shiga cikin mata. Kujerarsa yake ajiyewa a bakin rumfa, inda yake hango tele ta gefe, shi kuma ya ba da maki bisa ashirin kamar yadda ya saba yi wa ƴan lakkwal. Da wuya awonsu ya zo ɗaya. Wata rana ya kawo wani tsohon fim na Faransawa, marar launi, wanda yake ƙauna tun yana saurayi. Da ya ƙare ya ce, “Sha takwas bisa ashirin.” Gwaggo ta ce, “Mushe, mutum biyu na tahiya tun azahar, har yanzu ba su isa ba. Ƙaiƙayi.” Ya naɗe kujerarsa ya fita. Mako guda ba su gaisa ba. Sai ta aika masa da fura, ta ce ya sake kawo fim ɗin. Ta kalle shi ita kaɗai, shiru, sannan ta ce, “Tsaba mai tsakuwa. Ranan ina da ciwon haƙori.” Mushe ya ce shi ma ya rage maki biyu, don a zauna lafiya.

Wani labarin nata ban gan shi da idona ba, a zaman makokin na ji shi daga bakin mai shi, matar da ta lulluɓe tele da zane. Cikin shekarun nan da zama ya gagara a ƙauyukan wajen Sanam ta gudo Filinge da goyo a baya. Makiyaya ne su. Ba ta gaya wa kowa abin da ta gani ba, ba ta ma magana sam. Gwaggo ta ba ta ɗaki. Ranar farko da aka sa fim aka harba bindiga a ciki, matar ta rarrafa ta shige bayan randa. Gwaggo ta kashe tele, ta tattara duk finafinan da ke da bindiga ta zuba a kwalla ta rufe. Wata da watanni sai na ban dariya da na waƙa da na dabbobi. Mata suka yi ta ƙorafi, ta ce wadda ta gaji ƙofa a buɗe take.

Kullum in an gama, kafin ta yi awo, sai ta juya ta ce, “Baƙuwa, mi kinka gani?” Ba amsa. Gobe ta sake tambaya. Har ranar da aka nuno wata ƴar kwalisa da dogayen farata ta tsuguna wai tana tatsar saniya. Matar ta ce ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba, ta ji kanta dai tana cewa, “Ba haka aka tatsa ba.” Gwaggo ba ta ko juyo ba, ta ce, “Kun dai ji daga bakin mai shanu. Dusa ta.” Tun daga ranar duk fim ɗin da ke da dabba a ciki, baƙuwar ce mai awo.

Yanzu sai nawa.

A Yamai nake, ina ɗaukar bidiyon biki da suna. Ban taɓa shakkar inda na samo son wannan aiki ba, a kan tabarmarta ne. Shekara biyu kafin rasuwarta, ni da abokaina uku muka yi wani gajeren fim, na farko a rayuwata. Labarin wani saurayi ne da zai bar ƙauye ya tafi ci-rani. A ƙauyenmu muka ɗauka, da damina, gero ya fid da kai. Wurin da muka fi ji da shi, inda uwar ta raka ɗan har bakin gari, ta rungume shi, ta fashe da kuka, ta faɗi ƙasa tana kiran sunansa. Mun sha wahala a kan wurin nan, sau da yawa muna sakewa.

Na ce ba wanda zai fara ganinsa sai gwaggo. Muka shigo mota mu huɗu. Ta yanka mana kaza, ta aika aka kira mata, Mushe ya kawo kujerarsa. Ina tsaye a baya ina kallon ƙeyarta. Da aka zo wurin kukan, mata biyu suka share hawaye, abokina ya taɓa ni da gwiwar hannu.

Fim ya ƙare. Ta daɗe tana tauna goro, fiye da yadda ta saba.

“Hoton ya yi kyau,” in ji ta. “Geron nan kamar in kai hannu in karya. Sannunku da aiki.”

Na ce, “To awon fa, Gwaggo?”

Ta ce, “Dusa ta, ɗiyana. Uwa ba ta yin hakanan.”

Ɗaya daga abokaina ya yi ƴar dariya. Mushe ya yi maza ya ce, “Ni na ba shi sha uku bisa ashirin, aikin hwarko na.” Amma kaina ya riga ya ɗau zafi. A gaban mata, a gaban baƙi, a gidan da na ci na sha shekara huɗu, na ce mata, “Gwaggo, wanga aikin waɗanda sunka yi karatu na. Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa, mi kinka sani ga fim?”

Ta dube ni, ba da fushi ba. Ta ce, “Gaskiya taka. Ku tashi ku ci tuwo kar shi huce.”

Ban ci ba. Na cire kile ɗina na nufi tasha, abokaina suka biyo ni suna ba ta haƙuri. Tun ina yaro na san labarin ɗanta. Ina da hotonsa a kaina, yana rataye a ɗakinta. Duk wata ukun da muka yi muna wannan fim, ban taɓa haɗa shi da ita ba. Sai da muka kai Baleyara, mota ta tsaya ana sauke buhuna, abin ya faɗo mini: a duk rumfar nan ita kaɗai ce ɗanta ya tafi bai dawo ba, kuma ni na zaunar da ita gaban mutane na nuna mata. Motocin komawa Filinge suna nan a tsallaken hanya. Na kalle su, na ce a raina sai na huce.

Hucewar ta ci shekara biyu. Ban yanke zumunci ba, haka nake gaya wa kaina. Ina aika mata da sukari da shayi da sababbin finafinai. In na kira ta a waya mu gaisa, ta tambayi iyali, in tambayi jiki, shi ke nan. Da Salla in wuce ƙauye kai tsaye, in ce lokaci ya ƙure. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni kuma kowane wata da ya wuce sai maganar ta ƙara yi mini nauyi.

Cikin haka yanar ido ta fara rufe mata gani. Mahaifina ya ce ta matsar da tabarma har hancinta na kusan taɓa tele. Aka yi maganar kai ta Yamai a yi mata aiki, ta ce a bari sai an gama girbi. Na ji daɗin jinkirin, Allah ya gafarta mini, don a gidana za ta sauka.

Wata safiya Mushe ya kira ni. Ya ce, “Gwaggonka ta ba ni saƙo. Ta ce ka kawo mata fim ɗin nan naka ta sake gani tun da sauran ido. Ta ce wataƙila ranan ta yi gaggawa.”

Na san ba gaggawa ta yi ba, shi ma ya sani. Hanya take buɗe mini in dawo ba tare da na sunkuyar da kai ba, ita babba, ni ƙarami. Na ce masa kaka ta yi, bukukuwa sun yi yawa, kowace Asabar ina da aiki, amma da zarar sun lafa zan zo. Ya ce, “To.” Ya ƙara da cewa, “Kar ka daɗe.”

Ba a cika wata ba zazzaɓi ya kama ta. Kwana huɗu ta yi.

Bayan sadakar bakwai, da hantsi, baƙi sun ragu, na zauna da mahaifina a gindin itacen bedin ƙofar gida. Na gaya masa duk abin da ya faru. Ya ce ya sani, Mushe ya gaya masa tun lokacin. Ita ba ta taɓa furta masa ba. Sai na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, “Baba, ranar da yaya, ɗan gwaggo, ya tahi, mi ta yi?”

Ya daɗe yana zana ƙasa da tsinke. Sannan ya ce:

“Ina nan ranan. Da hantsi na, kamar yanzu. Tana daka. Yaz zo da jikkatai yad durƙusa, yac ce, ‘Inna, za ni.’ Ba ta ɗaga kai ba. Tac ce, ‘Ka ɗau bargo? An ce can ruwa ba su ɗaukewa.’ Yac ce ya ɗauka. Tac ce, ‘To tashi, mota ba ta jiranka.’ Ke nan. Ni na raka shi tasha. Na komo na iske ta tana dakan nan. Anka kira azahar tana daka. Da na leƙa turmin, geron ya zama gari tun da daɗewa, garin ma ya watse ƙasa, icce kawai taka bugawa ga icce. Ni na riƙe taɓaryar. Tahin hannunta duk ya hwashe. Tad dube ni tac ce, ‘Bari in ƙare, ɗan nan bai ci komi ba ya hita.’”

Ya jefar da tsinken ya tashi ya shiga gida.

Na zauna a wurin har rana ta iso ni. Abin da ya kamata in ce a rumfar nan bai fi kalma huɗu ba: to yaya ake yi? Wataƙila da ta gaya mini, wataƙila da ta ce in ci tuwo kawai. Ko wanne ne, da na zauna kusa da ita na ci.

Gwaggo, na yi miki rashin kunya a gaban mutane, don haka a gaban mutane nake roƙon ki yafe mini, ko da yake na makara. Allah ya jiƙan ki, ya yalwata miki makwanci, ya mayar miki da ganinki fiye da na da. In ɗanki ya riga ki, Allah ya sada ku. In kuwa yana raye a wani gari, Allah ya sa wani ya kai masa labari.